Ku Tambayi Baba: Na ga mutum kwance cikin jini na wuce, ina matsayina?

Salama gare ku masu karatu. Saƙo uku na ɗauko wannan karon kuma duk a kan baƙo suke, mutumin da ba ka san shi ba, ba danginka ba, ba ɗan cocinku ba. Na ɗan rage tsawonsu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni matashi ne ina jan Adaidaita Sahu, a Birget nake zaune, mashin ɗin ba nawa bane balas nake kaiwa kullum. Wata ranar Alhamis da daddare ina dawowa ta titin Haɗeja ba fasinja sai naga mutane sun taru, ashe mota ce ta kaɗe wani bawan Allah ta gudu, yana kwance jini na zuba ta ka, kowa ya zaro waya ana ɗauka wasu na ta salati amma ba wanda ya taɓa shi. Wani ma ya ɗago min hannu yace mai Adaidaita taimaka mana, ni kuma gabana ya faɗi na ƙara wuta, don nasan wani abokin sana'armu da ya taɓa ɗaukar irin wannan mutumin ya cika a hanya, shi kuma ya kwana a hannun hukuma aka riƙe mashin har mai shi ya karɓe abinsa. Baba tun ranar bana samun barci, ranar Lahadi ma kasa cin Jibin Ubangiji nayi a coci. Zunubi nayi ko hankali nayi?

AMSA: Ɗana, ba zan shafa maka mai a baki ba, abin da ka yi bai yi kyau ba, kuma zuciyarka ta riga ni gaya maka shi ya sa barci ya ƙi. Yakubu 4:17 ya ce wanda ya san abin da ya kamata ya yi amma bai yi ba, zunubi ne a gare shi. To amma tsoron da ka ji ba na banza ba ne, duk wanda ya daɗe a garin nan ya ji labarin wanda ya je taimako ya koma wanda ake zargi, don haka ban ɗauke ka mugu ba. Bari mu buɗe Luka 10 daga aya 25, labarin Basamariye nagari da mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni suka yasar a hanya, wanda tun muna Sande Sukul muke ji har ya daina taɓa mu.

Hanyar da Yesu ya ambata, daga Urushalima zuwa Yariko, wajen kilomita 27 ce, bata ma kai daga nan Kano zuwa Wudil ba, sai dai gangara ce ta kusan mita 1,000 cikin duwatsu da kwazazzabai inda 'yan fashi ke fakewa. Duk wanda ya tsaya a wurin ya san ƙila waɗanda suka yi aika-aikar suna bayan dutse suna kallonsa. Firist ya zo ya ratse ta gefe, Balawi, wato mai hidima a Haikali, shi ma haka, kuma in da za ka tsayar da su ka tambaya ba za su rasa hujja ba, tunda a Littafin Ƙidaya 19:11 wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu har kwana bakwai, mutumin nan kuwa an bar shi tsakanin rai da mutuwa, wa ya sani ko ya riga ya cika. Yesu bai ko tsaya faɗin hujjarsu ba, cewa kawai ya yi sun gan shi sun wuce.

Abin da masu wa'azi ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, Basamariyen nan shi ma baƙo ne a wannan yankin. Ƙasar Yahudiya yake ratsawa, Yahudawa kuwa ba sa ga maciji da Samariyawa, Yahaya 4:9 ya faɗa, a Luka 9 ma wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu kansa har Yakubu da Yahaya suka nemi a sauko musu da wuta. To ka duba, Basamariye ya shigo gari da Bayahude jina-jina a kan dabbarsa, wa kake jin za a fara nuna wa yatsa? Tsoron da ya sa ka ƙara wuta, nasa ya fi naka dalili. Duk da haka ya sauka, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, maganin da matafiyi ke da shi a jaka ke nan a lokacin, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa shi ya taka da ƙafa, ya kwana yana jinyarsa, da gari ya waye ya ba mai masauki dinari biyu, ladan ƙwadagon kwana biyu ke nan in ka duba Matiyu 20:2, ya ce duk abin da aka ƙara kashewa in ya dawo zai biya. A lissafinka balas ɗin kwana biyu ne da cinikin dare ɗaya, da kujerar da sai an wanke. Ka kuma lura bai kai shi gidansa ba, bai fasa tafiyarsa ba, wurin da ya dace ya kai shi ya jawo wani cikin aikin.

Yanzu ga abin da nake so kai da sauran 'yan Adaidaita masu karanta mu ku riƙe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi akwai tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida ko duka biyun. A ƙarshen 2017 kuma aka sa hannu a dokar da ta wajabta kula da wanda aka harba ko da takardar 'yan sanda ko babu, ta ma ce wanda ya kawo shi a mutunta shi kar a takura shi da tambayoyin cin fuska. Ita wannan ta biyun a kan harbin bindiga take, amma ta nuna maka inda doka ta dosa. Na sani abin da ke takarda daban abin da ke faruwa a zahiri da tsakar dare daban, shi ya sa nake cewa kar ka ɗauki mutum kai kaɗai. Ka tsaya ka kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra ko 112, ka ce wa mutum biyu cikin taron su shigo ku tafi tare, masu ɗaukar bidiyon nan ma ka ce su ɗauka da kyau a ga a ƙasa ka same shi, ka karɓi lambar ɗaya daga cikinsu, ga amfanin wayar tasu ya zo. Ka sa leda a hannu in ba safar hannu, ka danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta ka riƙe kar ka dinga ɗagawa kana leƙawa, kar a zuba fetur ko man birki ko ƙasa a rauni kamar yadda wasu ke yi, kar a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, in kuma ana zargin wuya ko baya ya taɓu to kar a naɗe shi a cusa a Adaidaita, gara a jira motar da zai kwanta a miƙe wani na riƙe da kansa. Wani lokacin taimakon da ya fi shi ne ka gindaya mashin ɗinka da fitila a kunne don kar wata motar ta bi ta kansa.

Ina da magana da dattawan ikilisiya ma a nan. Muna hawa bagadi muna ce wa yara su zama Basamariye nagari, amma ran da aka riƙe yaro don ya taimaki wani, wa ke zuwa belinsa, wa ke biya masa balas ɗin kwanakin da mashin ya yi a tsare? Akwai lauyoyi da nas-nas da 'yan sanda zaune a bencinmu duk Lahadi. In yaro ya san akwai lambar da zai kira ƙarfe goman dare a zo a tsaya masa, rabin tsoron ya tafi. Kuɗin da muke zubawa a ankon bikin godiya kaɗan daga ciki ya isa wannan.

Kai kuma ɗana, ka koma wurin da abin ya faru ka tambayi mai shayi ko masu shagunan gefen, da wuya a rasa wanda ya san inda aka kai shi. In yana raye ka je ka duba shi. Ka san yadda asibitocinmu suke, mai jinya ne ke yankar kati, shi ke sayo magani da ruwan da za a ƙara, shi ke kawo abinci ya wanke kaya, shi ke neman wanda zai ba da jini, wanda ba shi da kowa a gari kuwa sai ya kwana yana kallon silin. Lafiyayyen namiji da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya ba da leda ɗaya duk bayan wata uku. In kuma ka tarar ya rasu, ka yi wa danginsa ta'aziyya in ka same su. Ka roƙi gafara, 1 Yahaya 1:9 na nan ba a goge ba, ka koma ka ci jibinka.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa, ina aiki ina iyali. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya a Badawa. Bayan an tashi sujada wata yarinya da goyo ta tare ni tana kuka wai daga Yola tazo neman mijinta bata same shi ba kuma an sace mata jaka a tasha, tausayi ya kamani na bata kuɗin mota harda na cefanen da maigida ya bani. Bayan sati biyu ƙanwata dake Nomansland ta bani labarin yarinya mai goyo da tazo cocinsu, ashe ita ce, labarin ma bata canza ba. Yanzu maigida yace kar ya ƙara jin na ba wani baƙo ko sisi, ni kuma zuciyata ta bushe, kowa na gani sai ince ɗan damfara ne. Ya zanyi?

AMSA: 'Yata, sannu, abin da ciwo, ba kuɗin ne ma ya fi zafi ba, yadda aka yi wasa da hawayenki ne. Amma ki sani ke ba ki yi laifi ba, ita ce ta yi ƙarya, kuma abin da kika bayar saboda Ubangiji yana rubuce inda kika nufa da shi. Maigida ma yana da gaskiyarsa, kuɗin cefane haƙƙin gida ne, gaba in za ki yi kyauta ki yi da naki ko ki shawarce shi.

Wannan matsalar ba a Badawa aka fara ta ba. Akwai wani ɗan littafin koyarwa na masu bi na farko da ake kira Didake, tun wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, a ciki an ce duk wanda ya zo da sunan Ubangiji a karɓe shi, in matafiyi ne a taimake shi iya ƙarfi, amma kar ya wuce kwana biyu ko uku, in yana so ya zauna kuma yana da sana'a to ya yi aiki ya ci. Kinga tun lokacin akwai masu yawo coci-coci suna cin bulus, kuma iyayenmu na bangaskiya ba su rufe ƙofa saboda su ba, tsari suka yi.

Tsarin kuwa ba wuya. Wanda ya ce yunwa yake ji a zuba masa abinci ya ci a gabanki, wannan ba ya buƙatar bincike, ko maƙaryaci ne ai cikinsa ba ƙarya yake ba, goyon da ke bayanta ma bai yi wa kowa ƙarya ba. Wanda ya ce kuɗin mota ne, kar a ba shi a hannu, a sa matashi ɗaya ya raka shi tasha, Unguwa Uku ce ko ta New Road ko wadda ta dace da garinsu, a biya a hannun 'yan kamasho a rubuta sunansa a takardar fasinjoji, a saya masa burodi da ruwan leda, a tsaya har mota ta tashi. Wanda ya zo da takardar magani a je kemis a saya. A tambaye ta sunan unguwarsu da na limaminsu ko fastonsu ko wani ɗan'uwa da za a kira a waya, mai gaskiya murna yake da irin wannan tambayar don ya ga an ɗauki maganarsa da muhimmanci, mai ƙarya kuwa za ki ga ta fara cewa bari ta je ta dawo. Kuma ku daina yi a ɗaiɗaiku, ku ware 'yan kuɗi a asusun Zumunta ku ɗora mata biyu masu natsuwa a kai, duk wanda ya zo a tura shi wurinsu, su kuma su dinga magana da takwarorinsu na sauran ikilisiyoyi, da akwai wannan da tun a coci na biyu an gane yarinyar. Ni da za a gane ta ma ba korarta zan ce a yi ba, zaunar da ita za a yi a ji me ya kai mace mai goyo ga wannan sana'ar, sau da yawa akwai wani a baya da ke karɓe kuɗin.

Maganar saukar da baƙo a gida kuwa, Ibraniyawa 13:2 ta ce kar mu manta da karɓar baƙi don ta haka waɗansu suka sauki mala'iku ba su sani ba, gaskiya ne, amma a zamanin ƙwacen waya da satar yara ban ce ki shigar da wanda ba ki sani ba ɗakin da 'ya'yanki ke kwana ba tare da sanin maigida da mai unguwa ba. Coci da yawa na da ɗakin da ba abin da ke ciki sai karyayyun benci da tsofaffin ganguna, a share a sa katifa da gidan sauro da bokiti.

Bushewar zuciyar nan ita ta fi damuna. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, na sani, amma in kika bari ta zauna to yarinyar ta cuce ki sau biyu, ta kuma cuci mai gaskiyar da zai zo bayanta.

TAMBAYA: Baba ni ɗalibi ne, a Sabon Gari aka haifeni. Almajirai na zuwa ƙofar gidanmu kullum da safe suna iya ko ɗan ƙanzo, mamata tana basu ɗumame, amma wani babba a cocinmu yace ɓarna ce, wai ba namu bane kuma sune gobe za'a ba dutse su jefe mu, in ma za'a basu sai dai a haɗa da wa'azi. Shagon babana ya ƙone a rikicin 2004 don haka maganar ta ɗan shige ni. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Mamarka ce ke da gaskiya ɗana, ka gaishe min da ita. Ban raina abin da ya sami babanka ba, wanda ya ga watan Mayun 2004 a garin nan ko ya rasa wani a harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu 2012 ba za ka ce masa ya manta ba. Amma yaron da ke tsaye a ƙofarku da roba, ƙafa duk faso saboda hunturu, ko haifarsa ba a yi ba a lokacin. Shi ma baƙo ne, daga wani ƙauye aka kawo shi, uwarsa na can ba ta san ko ya ci ko bai ci ba. A Matiyu 25 da Ubangiji ya ce na ji yunwa kun ba ni abinci, na yi baƙunci kun saukar da ni, bai ce a fara duba katin baftisma ba, Galatiyawa 6:10 kuma cewa ta yi mu yi wa kowa alheri, tun ba ma masu bi ba, kowa ɗin ne ya fara zuwa.

Da wannan halin aka san mu tun asali. A shekara ta 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya bar addinin Kirista yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist ɗinsa na Galatiya yana ƙorafin cewa Kiristoci na ciyar da matalautansu har da na arna, ya ba da umarni su ma su gina masaukan baƙi. Nan gida kuma, asibitin ido na ECWA da mishan ɗin SIM suka buɗe a 1943, je ka ga layin da safe, rawuna da hijabai sun fi yawa, har daga Nijar ake zuwa, haka suka yi jinyar kutare a Yadakunya lokacin da dangin mutum ma ke gudunsa. Ku kanku 'yan Sabon Gari ai unguwar baƙi aka yanka wa kakanninku wajen 1913 bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin birni ma Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari sunayensu kaɗai sun gaya maka baƙi ne suka kafa su, Firistoci 19:34 kuwa dalilin da ta bayar na ƙaunar baƙo shi ne ku ma kun yi baƙunci a Masar. Shi babban naku mai cewa ba namu ba ne, ka tuna masa da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Da ya yi irin wannan lissafin da ba su kwana ba.

Batun haɗawa da wa'azi, ban yarda a mai da tuwo ƙugiya ba. Yaro ne ƙarami, amana ce a hannun malaminsa, ka ba shi don yana jin yunwa, in wani babba ya tambaye ka dalilin alherinka sai ka gaya masa. Ku dai kula da abin da kuke zubawa a robar, kar a ba su abin da addininsu ya hana, kar a ba su wanda ya lalace da ku ba za ku ci ba, in akwai tsohuwar rigar sanyi ko silifas ko ɗan man shafawa a haɗa musu, in kun ga mai ƙazuwa ko makero ko zazzaɓi ku bi shi makarantarsu ku gaisa da malamin ku nemi izini kafin ku kai shi asibiti. Ka kuma tambaye su sunayensu da garuruwansu, mamarka na tabbata ta riga ta sani.

Mai tambaya a kan zakka da bashin banki, saƙonki ya iso, sai fitowa ta gaba in Ubangiji ya kai mu.